William Wadé Harris: Dattijon da Ya Ratsa Gaɓar Teku da Sandar Gora

A shekarar 1924 wani Bature ɗan mishan na cocin Metodis mai suna William Platt ya taso daga Dahomi, ya shiga kwalekwale yana bin ƙauyukan da ke bakin tafkunan kudancin Kwaddibuwa. Duk inda ya sauka sai jama'a su fito da tutoci da waƙe-waƙe su tarye shi, su raka shi zuwa wani ɗakin sujada da suka gina da hannunsu. A kan tebur yakan tarar da ƙaton Littafi Mai Tsarki na Turanci, alhali a ƙauyuka da yawa babu mai iya karanta ko layi ɗaya daga cikinsa. Ran Lahadi ana kaɗa ƙararrawa, a taru a yi addu'a, a rera waƙa, wani dattijo ya miƙe ya maimaita abin da ya riƙe na wa'azi. Babu fasto, babu ɗan mishan da ya taɓa zama a cikinsu. Da Platt ya tambayi wanda ya koya musu wannan, amsar ɗaya ce ko'ina: wani dattijo ne baƙar fata ya wuce ta nan shekara goma da suka gabata, ya yi musu baftisma, ya ce su gina ɗakin Allah su jira waɗanda za su zo su buɗe musu Littafin.

Sunan dattijon William Wadé Harris, mutumin Laberiya. Mabiyansa suna kiransa annabi, bisa fahimtar Kirista cewa Allah yakan tashi mutum da gargaɗi ga mutanen zamaninsa, shi kuwa da Annabi Iliya yake kwatanta aikinsa. Cikin wata goma sha takwas kacal, tsakanin 1913 da 1915, masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya yi wa mutum fiye da 100,000 baftisma. Da ƙafa ya yi wannan aiki, ba albashi, ba wata ƙungiya a bayansa, kuma yana da shekara hamsin da 'yan kai.

Daga jirgin ruwa zuwa kurkuku

An haifi Harris wajen 1860 a ƙauyen Half Graway, kusa da Cape Palmas a kudu maso gabashin Laberiya, cikin ƙabilar Glebo. Mahaifinsa addinin gargajiya yake bi, mahaifiyarsa kuwa Kirista ce. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka ba da shi riƙo ga kawunsa, John C. Lowrie, fasto kuma malamin makarantar Metodis a Sinoe. A hannun kawun ya koyi karatu da rubutu cikin Turanci da harshen Glebo, a hannunsa kuma aka yi masa baftisma.

Da ya tasa sai ya bi hanyar da samarin wannan gaɓa suka saba bi, wato ƙwadago a jiragen ruwan Turawa. Ya je Legas, ya je Gabon, ya dawo gida ya kama sana'ar gini. A farkon shekarun 1880, a wani taron farkawa a garin Harper, wa'azi ya ratsa shi, shi ma ya fara wa'azi. Ya auri Rose Farr a 1885, suka haifi 'ya'ya shida. A 1888 ya koma cocin Episkofal a ƙarƙashin Bishop Samuel David Ferguson, ya zama malamin makaranta da mai koyar da addini, daga baya kuma tafintan gwamnati. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai ce ga mutumin da ya samu wuri ya zauna: kwat da wando, takalmi sau-ciki, albashi a ƙarshen wata.

Sai dai ƙasar ba ta zauna lafiya ba. Tun 1847 mulkin Laberiya yana hannun zuriyar 'yantattun bayi da suka dawo daga Amurka, kuma 'yan asalin ƙasa irin su Glebo suna kukan an ƙwace musu filaye, an ɗora musu haraji, an mai da su saniyar ware a ƙasar kakanninsu. Tafinta yana tsakiyar wannan rigima, kunnensa ɗaya na gwamnati, ɗaya na danginsa. Harris ya zaɓi danginsa. Yana cikin masu ganin gwamma Ingila ta karɓi riƙon ƙasar, kuma a watan Fabrairu 1909 ya kafa tutar Ingila a bakin teku kusa da Harper, a bainar jama'a. Aka kama shi, aka same shi da laifin cin amanar ƙasa, aka jefa shi kurkuku. Yana tsare yaƙi ya ɓarke a 1910 tsakanin Glebo da gwamnati, aka murƙushe Glebo. Taimakon Ingila da ya sa wa rai bai zo ba.

A cikin wannan ɗaki, a 1910, ya ce Mala'ika Jibrilu ya ziyarce shi. Bisa ga labarin da ya riƙa bayarwa har ƙarshen ransa, an ce masa an naɗa shi annabi, ya tuɓe kayan Turawa, ya sa farar riga, ya rabu da duk wani asiri da yake dogara da shi, ya fita ya kira mutane su ƙone kayan tsafinsu a yi musu baftisma kafin ranar hukunci. Da aka sake shi ya fara wa'azi a Laberiya, amma 'yan garinsu da yawa suka ɗauka kurkuku ta taɓa masa hankali. Matarsa Rose ta rasu a wannan tsakani. Kusan shekara uku yana kira a gida, masu amsawa kaɗan.

Hayin Kogin Cavally

A watan Yuli 1913 ya haye Kogin Cavally, iyakar Laberiya da Kwaddibuwa, ya nufi gabas yana bin yashin bakin teku. Mata biyu ne ke tare da shi, Helen Valentine da Mary Pioka, suna rera waƙa suna kaɗa caki. Shigarsa ta isa ta tsayar da mai wucewa: doguwar farar riga, farin rawani, farin gemu, ƙafa ba takalmi. A hannu ɗaya doguwar sandar gora da aka ɗaura wa itace a gicciye, a ɗayan Littafi Mai Tsarki, ga ƙoƙon ruwan baftisma. Da Turancin bakin teku yake magana, a samu wani ya fassara. Sau da yawa masu fassarar akawunan kamfanonin ciniki ne 'yan Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau, waɗanda dama Metodis ne tun daga gida.

Ƙasar da ya shiga tana cikin ɗimuwa. Faransa ta ayyana Kwaddibuwa a matsayin mallakarta a 1893, kuma daga 1908 Gwamna Gabriel Angoulvant ya ɗauki hanyar ƙarfi: sojoji suna ƙone ƙauyuka, ana ƙwace bindigogi dubbai, ana kama sarakuna, ga harajin kai, ga aikin tilas na hanyar jirgin ƙasa. Mutanen Abbey sun yi tawaye a 1910 aka murƙushe su. Kafin haka, a 1899, zazzaɓin shawara ya yi wa Grand Bassam ɓarnar da ta sa aka ɗauke hedkwata zuwa Bingerville. Mutane sun yi yanka, sun biya bokaye, sun ɗaura layu da guraye, duk da haka harsashi ya ci su, cuta ta ci su. Tsoron maita ya ƙaru, maƙwabci yana zargin maƙwabci. Limaman Katolika suna ƙasar tun 1895, amma bayan kusan shekara ashirin mabiyansu ba su taka kara sun karya ba, domin sun zo da makaranta da darasin shekaru, mutane kuwa tambayar da ke hana su barci ita ce: wa zai tsare mu yau da dare?

Wannan tambaya Harris ya amsa kai tsaye. In ya shiga gari, shi da matan nan sukan fara waƙa da rawa har jama'a su taru. Daga nan ya ɗaga murya ya ce Allah ɗaya ne, ya fi ƙarfin kowane dodo da kowane iska, kuma ga shi ya zo a gwada a gani. Ya ƙalubalanci matsafa a gaban mutanensu, kamar yadda Iliya ya yi da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel. Sai ya ce a kawo kayan tsafi. A tara gumaka da layu da ƙahonni da tukwane a tsakiyar gari a cinna musu wuta, jama'a suna tsaye suna jiran ganin wanda zai faɗi ya mutu. Da wuta ta cinye babu wanda ya mutu, sai layin masu neman baftisma ya miƙe.

Baftismar ma a take yake yin ta, ba ya cewa sai an shekara ana koyo. Mutum ya durƙusa ya kama gicciyen da hannu biyu, a zuba masa ruwa daga ƙoƙo da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a ɗora masa Littafin a ka. Wanda jikinsa ya kama rawa, Harris ya tsawata wa abin da ke jikinsa har ya natsu. Ya san cewa mutumin da ya ƙone abin da kakanninsa suka dogara da shi ba zai iya kwana hannu rabbana ba, dole a ba shi kariyar da ta fi wadda ya jefa a wuta. 'Yan mishan sun soki wannan gaggawa, amma ita ce ta sa mutane suka iya tsallakawa.

Ya kuma lura da haɗarin da ke tattare da nasararsa. Mutanen da suka saba da abin tsafi suna iya mai da sandarsa sabon gunki. Saboda haka yakan gaya musu sandar itace ce kawai, kuma an ba da labarin yadda yakan karya ta a gabansu ya sa a saro masa wata. Kuɗi ba ya karɓa. Abinci da masauki yakan amsa, kyautar da aka tilasta masa kuwa ya raba wa matalauta.

Labari ya riga shi isa garuruwa. A yankin Lahou, da Jacqueville, da ƙasar Dida da Adjukru da Ebrié, mutane suka riƙa yin tafiyar kwanaki daga cikin daji don su same shi. Wasu ƙauyukan tun bai iso ba suka ƙone kayansu. Inda ƙafarsa ba za ta kai ba yakan aiki wani daga cikin almajiransa da izinin yin baftisma. Aka riƙa ba da labaran marasa lafiya da suka warke, da na waɗanda suka ɓoye layu suka gamu da masifa, da na jirgin da aka yi wa lodi ran Lahadi ya kama da wuta. Ko mutum ya gaskata waɗannan labarai ko bai gaskata ba, jami'an Faransa da kansu sun rubuta cewa addinin gargajiya na yankuna sukutum ya rushe cikin 'yan watanni.

A 1914 ya shiga yammacin Gwalkwas, ya yi wa'azi a ƙasar Nzima da garin Axim. Can ya haɗu da lauya kuma ɗan kishin ƙasa J. E. Casely Hayford, wanda abin ya burge shi har ya wallafa ɗan littafi a kansa a 1915. Can kuma ya sami John Swatson, wanda ya ɗauki saƙon zuwa ƙasar Sefwi ya kai mabiyansa cocin Angilikan, da Grace Tani, wadda a da matsafiya ce.

Abin da ya bar wa kowane ƙauye

Koyarwarsa gajeriya ce, mai sauƙin riƙewa: Allah ɗaya, Yesu Almasihu, Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji, hutun Lahadi. Ya hana sata da zina da ƙarya da buguwa. Ya ce a yi aiki tuƙuru kwana shida, a sa yara makaranta domin su karanta Littafin da kansu. Inda akwai coci, ta Katolika ce ko ta Metodis, can yake tura mutane, bai ware wata ba. Inda babu, sai ya ce su gina ɗakin sujada, su zaɓi mai wa'azi, su kuma zaɓi mutum goma sha biyu da ya kira manzanni, su riƙe sha'anin ikilisiya da kuɗinta. Wannan tsari ya dace da yadda ƙauyukan suka saba gudanar da al'amuransu ta majalisar dattawa, shi ya sa bai rushe ba bayan tafiyarsa.

Akwai abubuwan da ya bar wa mutane, waɗanda 'yan mishan da sun hana. Da mutanen Dida suka tambaye shi waƙoƙin da za su rera, ya ce su ɗauki waƙoƙinsu na yabon sarakuna su sa sunan Allah a ciki, su rera da harshensu da kiɗansu. Maganin gargajiya na saiwa da ganye bai hana ba, ya ce dai a yi addu'a lokacin ɗiba, da lokacin haɗawa, da lokacin ba majinyaci, a daina kai wa dodo godiya. Mai mata fiye da ɗaya bai ce ya sake su kafin baftisma ba, shi kansa ma daga baya ya zauna da mata fiye da ɗaya. Wannan batu na aure shi ne ya zama babban abin saɓani tsakanin mabiyansa da 'yan mishan.

Kora

Da farko hukumar Faransa ba ta ga aibunsa ba. Mutum ne mai cewa a bi hukuma, a bar giya, a yi aiki, har Gwamna Angoulvant ya gana da shi a Bingerville. Amma a watan Agusta 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, aka kwashe jami'ai da sojoji da yawa zuwa fagen daga. 'Yan kaɗan da suka rage suka dubi baƙo mai jin Turanci, wanda kalma ɗaya daga bakinsa take tara dubban mutane, wanda kuma mabiyansa suka ƙi yin aikin tilas ran Lahadi, sai hankalinsu ya tashi. A farkon 1915, bayan ya dawo Kwaddibuwa, aka kama shi tare da matan da ke rakiyarsa, aka yi musu duka, aka tsare su, aka mai da su Laberiya. Helen Valentine ba ta daɗe ba ta rasu sakamakon abin da aka yi mata.

Irin wannan ta faru a Najeriya kusan lokaci guda. Garrick Sokari Braide, mai wa'azi a yankin Neja Delta, shi ma ya sa an ƙone gumaka an bar giya, Turawan Ingila suka ɗaure shi a 1916. Mulkin mallaka, na Faransa ne ko na Ingila, bai iya haƙuri da baƙar fatar da jama'a ke saurara fiye da Bature ba.

Bayan korar Harris jami'ai suka rushe ɗakunan sujada da dama, wasu aka ƙone su, aka ɗaure masu wa'azi. Mutane suka sake ginawa. A nan ne girman abin da ya faru yake bayyana, domin taron da zafin wa'azi kaɗai ya tara yakan watse da zarar mai wa'azin ya juya baya. Waɗannan manoma da masunta sun riƙe Lahadinsu shekara goma, ba malami, ba littafi da harshensu, ga hukuma tana takura musu, kuma akasarinsu ba su koma ga abin da suka ƙone ba. Wasu dubbai sun shiga Katolika, har limaman suka rasa yadda za su yi da yawan masu neman koyo. Wasu suka ci gaba da jira.

Rabon gado

Zuwan Platt a 1924 ya sa Metodis suka karɓi majami'u fiye da ɗari da mutane dubbai masu yawa, labarin ya cika jaridun mishan a Ingila. A 1926 suka aiki wani ɗan mishan Bafaranshe, Pierre Benoit, ya nemo Harris a Cape Palmas. Ya same shi tsoho, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi tun 1925, yana zaune cikin talauci. Tun bayan korarsa ya yi ta ƙoƙarin komawa Kwaddibuwa ana tare shi a iyaka, ya yi wa'azi a Laberiya har zuwa Saliyo, amma bai sake ganin irin amsar da ya gani a 1914 ba. Benoit ya koma da saƙo da ke cewa mabiyan Harris su shiga Metodis.

Ba a jima ba aka fara jin ƙorafi. Sabbin malaman sun kawo dokar mace ɗaya, da kuɗin coci na dole, sun rage ikon manzanni goma sha biyu, ba sa son caki da rawa. A 1928 wata tawaga daga ƙasar Ebrié ta je wurin Harris da kukanta. A cikinta akwai wani saurayi mai jagorar mawaƙa, ɗan sarkin Petit Bassam, John Ahui. Dattijon ya saurare su, ya goyi bayansu a kan aure da kuɗi, ya miƙa wa Ahui gicciye da Littafi Mai Tsarki. A shekara mai zuwa, 1929, Harris ya rasu kusa da Cape Palmas, bai bar dukiya ba, bai kuma kafa wata coci da sunansa ba.

Gadon nasa ya rabu gida-gida. Cocin Katolika da ta Metodis a kudancin Kwaddibuwa dukansu a kan aikinsa suka yi tsayi. A Gana, Grace Tani da John Nackabah suka kafa Cocin Manzanni Goma Sha Biyu, wadda ta shahara da addu'ar warkarwa, kuma tana cikin tsofaffin majami'un da 'yan Afirka suka kafa da kansu a ƙasar. John Ahui kuwa ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye yana tattara waɗanda ba su gamsu da mishan ba, har aka tsara Cocin Harris a hukumance a 1955 shi ne shugabanta, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1992. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Félix Houphouët-Boigny ta lissafa ta cikin addinan da ƙasa ta amince da su, tare da Musulunci da Katolika da Furotesta, kuma a 1998 ta shiga Majalisar Majami'u ta Duniya. Ƙarfinta har yau yana kudancin ƙasar, a Abidjan da Bingerville da ƙauyukan bakin tafki, inda masu wa'azinta ke sa farar riga su riƙe gicciye, manzanni goma sha biyu kuma suke gudanar da kowace ikilisiya bisa tsarin da Harris ya shimfiɗa a 1914.